Ranar da Matiron Ta Je Aron Turmi

A Ƙofar Gayan, in ka tambayi gidan Hajiya Sailuba sai a tsaya ana tunani. Amma ka ce Matiron, ko mai facin taya na bakin titi zai nuna maka lungun da haɓarsa. Sunan ya biyo ta ne daga makarantar kwana ta 'yan mata, inda ta kwashe rabin rayuwarta tana kula da ɗakunan kwana, kuma har ta yi ritaya bai sake ta ba. 'Yar siririya ce, mai tabarau da igiya a wuya, mai sauri kullum kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Tsoffin ɗalibanta, wasunsu har da jikoki, in sun hango ta a gidan biki har yau sai sun gyara ɗaurin ɗankwali.

'Yar Gyallesu ce. Mahaifinta ɗinkin babbar riga yake yi, mutum mai tsari wanda kowace allura tana da mazauninta, amma samunsa bai taka kara ya karya ba. Tana ƙarama mahaifiyarta ta aike ta aron rariya a maƙwabta, matar gidan ta miƙo mata a gaban baƙi tana cewa, "Ku dai gidanku kullum aro." Aka yi dariya, aka wuce wurin, kowa ya manta. Sailuba ce kawai ba ta manta ba. Da ta fara ɗaukar albashi, kafin ta sayi atamfa sai da ta sayi rariya.

Da ta auri Malam Bahago, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ta tare a sashensa na babban gidansu da ke Ƙofar Gayan, sai ta tanadi komai bibbiyu. Turmi biyu, taɓarya biyu, tukunyar biki biyu, don ko ɗaya ta lalace kada ta nemi ta wani. Ba ta da rowa, wannan kowa ya shaida. In ka zo aro za ta ba ka, sai dai za ta haɗa maka da bayani: a wanke, a kife, a dawo da shi kafin la'asar. A hankali mata suka ga gara su ƙara taku zuwa gidan gaba. Zuwa suna ko ta'aziyya ba ta taɓa fashi ba, takan zo da wuri, ta yi abin da ya kawo ta, ta tashi. Babu wanda zai ce ta taɓa yi masa laifi, kuma babu wadda takan faɗo sashenta haka kawai don a taɓa hira.

Malam Bahago ya rasu, 'ya'ya suka watse, sashen ya zama daga ita sai rediyo. Autanta Haidar, wanda yake aiki a Abuja, ya kafa mata naci a kan ta koma wurinsa, ga shi kuma tana fama da hawan jini. Ta taɓa zuwa ta gwada. Ta dawo tana cewa gida ne mai kyau, amma mutum sai ya wuni a taga bai ji an yi sallama ba. Ita dai so take ta ƙare kwanakinta a ɗakin da mijinta ya cika, tana jin muryar ladanin unguwa wanda ta san tarinsa. Haidar kuwa ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a kango ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja wani saurayi mai suna Zailani ya yi sallama. Jami'in wata ƙungiya ne da ke kawo 'yan mata masu aikin sa kai, waɗanda suka karanci aikin jinya, su riƙa shiga gidajen cikin birni suna auna wa mata hawan jini da suga kyauta. Masauki yake nema musu, da babbar mace mai sa ido. Ai kuwa ya zo inda ya dace. Haidar ya amince da sharaɗi ɗaya: muddin akwai mutane a sashen, Umma ta zauna, ranar da ya koma wayam kuma zai zo da mota.

Aka fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu, aka jera gadaje masu hawa biyu, 'yan mata suka iso da jakunkunansu. Hajiya Sailuba ta ji kamar an mayar mata da ƙuruciyarta. Ƙungiya ta zo da nata dokokin a buge, ita kuma ta ƙara nata, ta manna duka a bayan ƙofa. Takalmi ba ya wuce dokin ƙofa. Namiji, ko wan mutum ne, iyakarsa zaure. In an kawo wuta ana cajin waya bi da bi, wadda ta yi jiya ita ce ta ƙarshe yau. Ba a shanya ƙananan kaya a igiyar tsakar gida. Ana kiran magariba kowacce tana ciki. Wadda ta ƙarar da ruwan randa ita za ta cika ta, ko da kurɓa ɗaya ta tarar.

Cikin dokokin ƙungiya akwai wadda ta ce kada ma'aikaciya ta karɓi kyauta ko abinci daga mutanen da ake yi wa aiki. Dalilin mai kyau ne, don kada talaka ya ga kamar sai ya ba da wani abu za a duba shi. Hajiya ta karanta ta wuce ba ta ko tsaya ba, domin ita kanta ta manta rabon da a aiko mata da kwano daga maƙwabta.

Kowace safiya, kafin su fita da na'urorinsu, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Doka ba ta da amma." 'Yan matan har kwaikwayonta suke yi a bayan idonta, su ɗora cokali biyu a ido a matsayin tabarau. Ta sani sarai, kuma a ranta daɗi take ji.

Wadda ta fi shiga ranta ita ce Batul. Iyayenta Zazzagawa ne, amma a barikin soja na Legas ta tashi, Hausarta ma da ɗan ɗanɗanon can. Yarinya ce mai tsabta da kiyaye lokaci, in ta gyara gado sai ka ji kunyar zama a kai. Hajiya ta naɗa ta shugabar ɗaki, takan ce da ana samun irinta da yawa da ba ta yi furfura da wuri ba.

Katanga ɗaya ta raba sashen Hajiya da gidan Uwa. Tsohuwar ungozoma ce, ta girmi Hajiya, kuma rabin matasan unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Ba ta da sarauta, amma in Uwa ta ce a buɗe ƙofa ana buɗewa. Batul ta auna ta, ta tarar jinin ya hau sosai, ta zauna a tabarma ta yi mata bayani a tsanake, ta riƙa komawa tana dubawa har ya sauka. Tsohuwa ta ji daɗi ƙwarai. Ran nan ta sa aka ɓarza masara, ta tsaya da kanta a kan tukunya duk da ciwon gwiwa, ta yi faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, ta zuba a langarta ta fita kunya, ta ba surukarta Ummukulsum ta kai wa baƙi.

Ranar kuwa Hajiya ta tafi Kaduna tantance 'yan fansho. Batul ta tarbi Ummukulsum da fara'a, ta yi godiya har da rusunawa, sannan ta ce a gaya wa Inna dokar aikinsu ta hana su karɓa. Sauran 'yan matan suna ta haɗiyar yawu, ɗaya ta ce, "Amma dai Batul..." Batul ta juyo ta ce, "Doka ba ta da amma." Langa ta koma yadda ta zo, ko murfin ba a ɗaga ba.

A cikin birni ba a yin haka. Ko azumi kake, ko ba ka cin abin, sai ka karɓa ka juye, ka ba wani daga baya. Kwanon da ya dawo da abincinsa yana nufin ana ƙyamar hannunka, ko ana zargin ka zuba wani abu, ko kuma an yanke hulɗa. Uwa ta ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskarta, ta mayar ta rufe. Labarin kuwa ya zaga unguwa kafin la'asar.

Washegari 'yan mata suka fara cin karo da uzuri. Nan a ce matan gidan suna barci, can a ce maigida bai bar sallahu ba, gaba a ce ai an auna su a asibiti. Duk cikin ladabi, har da "Allah ya ba da lada." Haka suka riƙa dawowa da na'urori a jaka ba a ko buɗe su ba. Zailani ya zo zaure yana murza hula, ya ce in abin ya ci gaba dole a mayar da aikin Tudun Jukun, a nema musu masauki a can. Labari bai daɗe ba ya kai Abuja. Haidar ya bugo waya da muryar lallashi, ya ce an riga an yi wa ɗakin Umma fenti.

Batul ta yi kuka har idonta ya kumbura. Hajiya ta buɗe baki za ta yi mata faɗa, sai ta rasa ta inda za ta kama, domin yarinyar ba ta yi komai ba face abin da aka koya mata kowace safiya.

Ta yafa mayafi ta shiga gidan Uwa. Ta yi bayani dalla-dalla kamar tana gaban shugabar makaranta: dokar ƙungiya ce, yarinya baƙuwa ce, ba da wata manufa ba ne. Uwa tana tsinke zogale a faifai, ta saurara har ƙarshe.

"Ba komai, Malama," in ji ta. "Ai yarinya ba ta yi laifi ba. Abin da ta tarar a gidan ta yi."

"Kamar yaya, Yaya Uwa?"

Uwa ta ajiye faifan. "Tun kina amarya muke katanga ɗaya. Kin taɓa aikowa a sam miki ko gishiri? Ku gidanku ba ku buƙatar kowa. Mu ne mabuƙata, ku shigo ku auna mu ku fita. To mun gode, Allah ya saka. Amma mutum yakan gaji da zama wanda ake yi wa alheri kullum."

Hajiya ta fito ranta a ɓace. Ita da ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, ita za a gaya wa wannan? Ta shige ɗakin ajiyarta don ta huce, ta tsaya tana kallon kayanta a jere, komai da abokinsa, wasu ko sau ɗaya ba a taɓa amfani da su ba. Maganar matar Gyallesu ta dawo mata, matar da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido. Sai ta ga ashe duk tsawon shekarun nan amsa take ba wa wadda ba ta ma san an yi ba. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta kunya.

Da safe ta sa aka kira mai keke napep, aka loda turamenta biyu da taɓarensu, ta ce a kai wa ƙanwarta a Gyallesu. 'Yan mata suka yi cirko-cirko suna kallo. Ta ce wa Batul, "Sa hijabinki, raka ni."

Daga ƙofarta zuwa ta Uwa ba nisa, amma Hajiya mai sauri ranar a hankali ta taka. Suka yi sallama, aka gaisa, aka tambayi kwanan iyali, aka sake gaisawa. Ta gyara tabarau. Ta yi gyaran murya.

"Yaya Uwa, aron turmi na zo."

Ummukulsum da ke wanke-wanke ta tsaya da kwano a hannu. Uwa ta dubi Hajiya sama da ƙasa.

"Ina naki biyun?"

"Babu su."

"Sata aka yi muku?"

"A'a. Babu su dai. Yaran nan suna son fate, ga masara, ba mu da abin surfe."

Uwa ta daɗe tana kallonta. Ta san komai, domin ƙarar keken ta ji, kuma an riga an gaya mata abin da aka loda. Can sai gefen bakinta ya motsa. Ta nuna tsohon turminta da ke jingine a gindin bango, baƙi wuluk don tsufa, ta daidaita murya irin ta Matiron ta ce, "A wanke, a kife, a dawo da shi kafin la'asar."

Ummukulsum ce ta fara fashewa da dariya, Uwa ta bi, Hajiya ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Batul ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini." Uwa ta ce, "Tashi ki ɗauki turmi, 'yar Legas, mu ga ƙarfinki."

Turmin ya fi ƙarfin ɗauka, sai mirginawa. Haka Batul ta turo shi ta cikin lungu da rana tsaka, yana gurnani a kan ƙasa, Hajiya na biye da taɓarya a kafaɗa. Babu labulen da bai motsa ba. Kafin su kai ƙofa duk unguwa ta san turmin Uwa ya shiga gidan Matiron.

Sai kuma aka tarar babu wadda ta iya surfe a cikin ma'aikatan jinyar. Batul ta ɗaga taɓarya ta sauke, masara ta watse har cikin randa. Ummukulsum ta leƙo ta kan katanga ta ce ba za ta iya kallon wannan ɓarna ba, ta zagayo. Wata maƙwabciya ta biyo ta da tata taɓaryar, wata ta zo da rariya ba a ma tambaye ta ba, wata kuma dariya kawai ta kawo ta. Ana lugude ana tsokanar baƙi, sai ɗaya daga cikin matan ta ce tun da ga ta ga na'ura, a ɗan auna ta mana. Ranar a tsakar gidan Hajiya aka yi aikin da aka kasa yi a gidaje.

Da fate ya nuna, Hajiya ta zuba a babbar langa ta ba Batul ta kai wa Uwa. Langar ta dawo da dambu a ciki. Wannan karon Batul hannu biyu ta sa, kuma a tsaye suka cinye shi.

Da Zailani ya zo, Hajiya ta same shi a zaure ta ce dokarsu tana nan, ba wadda za ta karɓi ladan aiki. Amma kwanon maƙwabta ba lada ba ne, tun da yadda ya shigo cike haka zai fita cike. Zailani ya ce zai kai maganar gaba, kuma daga baya ƙungiya ta gyara dokar. Ita kuwa ta ɗauki biro ta ƙara tata a ƙasan takardar bayan ƙofa, cewa duk abin da za a iya arowa a maƙwabta ba a sayensa a gidan nan, kuma ba a mayar da kwano ba komai a ciki. Sauran dokokin ba ta sassauta ko ɗaya ba. Takalmi har yau ba ya wuce dokin ƙofa.

Turmin bai koma kafin la'asar ba. Da aka mirgino shi washegari, Uwa ta ce a mayar, in tana so za ta aiko. Ba ta taɓa aikowa ba. Sai dai ta zo da kanta da 'yar masararta a ƙwarya, ta zauna a kujerar tsugunno tana ba da umarni, 'yan mata suna daka. Hajiya da kanta ta koyi leƙawa ta katanga ta ce a sam mata daddawa, ko da yake har yanzu sai ta ɗan yi gyaran murya tukuna.

Wa'adin su Batul ya cika, suka tafi da kuka da ƙullin kuka da kuɓewa da matan unguwa suka haɗa musu. Sabon rukuni kuma sai bayan damina. Gadaje suka koma wayam, kuma Haidar mutum ne mai riƙe magana, gadon uwarsa ya yi. Ranar wata Asabar ya iso da mota. Hajiya ba ta yi musu ba, sharaɗi sharaɗi ne, ta ma riga ta haɗa akwati tana share hawaye a ɓoye.

Ya shigo ya tarar da tsakar gida ba masaka tsinke. Za a yi sunan jikar wata maƙwabciya washegari, kuma a nan ake aikin abinci saboda tukwanen biki. Uwa tana zaune a tsakiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ya zo tafiya da Umma.

"Ba inda za ta," in ji Uwa. "Turmina yana wurinta."

Haidar ya yi murmushi. "Inna, ai sai in sa a mayar miki da shi yanzu."

"Wa ya ce maka ina so a mayar? Kai, ni na yanke maka cibiya, kada ka kawo mini iyayi. Ka ce ba ka son ta zauna ita kaɗai. To duba da kyau, ka ga kaɗaici a nan?"

Ya duba. Ya ga Ummukulsum ta fito daga ɗakin ajiyar Umma da tukunya ba ta ko nemi izini ba, ya ga takalma a jere a dokin ƙofa, ya ga mahaifiyarsa a tsaye ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi, tana ta gogewa ba ta mayar ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko akwatin, ya mayar da shi kan kabad.

Da zai tafi, Uwa ta sa aka kawo masa langarta ta fita kunya cike da fate, ta ce ya kai wa iyali. Hajiya ta raka shi har bakin mota. Ya zauna, ya ajiye langar a kujerar da ya tanadar mata, ya tayar da mota. Ta sunkuyo ta taga ta nuna shi da yatsa.

"Wannan langar aro ce," in ji ta. "Da kanka za ka dawo da ita, kuma kada ka kuskura ka kawo ta ba komai a ciki."